Idan ta ƙone, nawa za a biya? Yadda ake zaɓar inshorar tsohuwar mota mai daraja

Inshorar mota ta yau da kullum an gina ta ne a kan zato guda: mota tana rage daraja tun daga ranar da ta bar hannun mai sayarwa. Duk shekara ana zaftare mata wani abu, har ta kai inda kuɗin gyaranta ya fi kuɗinta. Wannan lissafi daidai ne ga motar zuwa aiki. Amma ga Jaguar E-Type ta 1964, ko Mercedes-Benz 280 SL ta 1969, ko Toyota Land Cruiser FJ40 da aka wargaza aka sake haɗawa daga cesis, lissafin a juye yake. Irin waɗannan sun gama faɗuwa tuntuni, yanzu darajarsu ko tana tsaye ko tana hawa. Kuma abubuwan da ke sa musu kuɗi, wato asalin inji, tarihin waɗanda suka mallake su da ingancin aikin da aka yi musu, ba sa cikin jadawalin farashin da ma'aikacin kamfanin inshora ya saba dubawa.

Saboda haka tambayar da ya kamata mai irin wannan mota ya fara yi ita ce: idan ta ƙone ƙurmus gobe, ko aka sace ta ba a gan ta ba, nawa za a ba shi, wa ya yanke adadin, kuma yaushe aka yanke shi? Kuɗin da zai riƙa biya duk shekara ya biyo baya.

Hanyoyi uku na yanke diyya

Hanya ta farko ita ce biyan farashin kasuwa na ranar da asarar ta faru. Ita ce a yawancin takardun inshorar mota. Illarta ga tsohuwar mota mai daraja a fili take: ana ƙiyasta kuɗin ne bayan motar ta riga ta lalace, kuma kamfanin da zai biya shi ne mai ƙiyastawa. Zai nemo tallan wasu motoci masu suna ɗaya da shekara ɗaya ya ɗauki matsakaicinsu, alhali a cikinsu akwai wadda tsatsa ta cinye ƙasanta, akwai wadda aka sa wa injin wata. Mai mota ne zai koma neman hujjar cewa tasa ta fi waɗannan, a lokacin da babbar hujjarsa, wato motar kanta, ta zama toka.

Hanya ta biyu ta fi yaudara, domin a fuska tana kama da abin da ake nema. Kamfani zai tambaye ka darajar motarka, ka faɗa, a rubuta adadin a takarda, a lissafa maka kuɗin shekara a kansa. Sai ka koma gida da kwanciyar hankali. Amma a can cikin sharuɗɗa akwai jumlar da ke cewa za a biya adadin da aka rubuta ko farashin kasuwa, duk wanda ya fi ƙanƙanta. A nan gizo ke saƙa. A ɗauka an rubuta dala 60,000, an sace motar, mai ƙiyasin kamfani ya ce a kasuwa dala 38,000 take. Abin da za a biya shi ne 38,000, a kuma cire kason da aka ɗora wa mai mota, a ce 1,000. Adadin nan da ka faɗa iyaka ce kawai da kamfani ba zai wuce ba. Bai yi alkawarin kaiwa can ba. Irin wannan tsari yana da amfaninsa ga wanda da gangan yake so ya rufe wani kaso na darajar mota don ya rage kuɗin shekara. Ga wanda yake zaton ya rufe duka, asara ce ke jiransa.

Hanya ta uku ita ce ƙimar yarjejeniya. Kai da kamfani ku zauna tun motar na lafiya, ku duba hujjoji, ku amince da adadi guda, a rubuta shi. In asarar gaba ɗaya ta auku, wannan adadin za a biya, ba ragin tsufa, ba sabon ciniki. Tsarin ya girmi inshorar mota: dokar inshorar jiragen ruwa ta Birtaniya ta 1906 ta tanadi cewa ƙimar da aka amince da ita a takarda ita ce hukunci tsakanin ɓangarorin biyu matuƙar babu zamba. Ba mamaki ba ne da kamfanin Hagerty na jihar Michigan a Amurka, wanda yau yake cikin manyan masu wannan harka, ya fara a 1984 da inshorar tsofaffin kwale-kwalen katako, sai a 1991 ya shiga motoci. Matsalar iri ɗaya ce: abu ne da ba shi da farashi tsayayye a kasuwa, dole a yanke masa kuɗi kafin ya lalace.

Ga motar da ake ajiye wa saboda darajarta, hanya ta uku ce kaɗai ta cancanci a sa mata hannu. Sai dai a tabbatar ita ce aka samu. Maganar dillali ta baka ba ta isa ba. Adadin ya fito a shafin da ke ɗauke da lambar motar, sannan a karanta sashen da ke bayanin asarar gaba ɗaya, a nemi waccan jumla ta "wanda ya fi ƙanƙanta". In tana nan, ba ƙimar yarjejeniya ba ce, ko me aka kira ta a talla. Akwai kuma kamfanonin da ke fara rufe mota a kan farashin kasuwa, sai mai ita ya aika hotuna da fom an duba an ba shi takardar amincewa sannan ƙimar yarjejeniya ta fara aiki. Mutane da yawa suna biyan kuɗi su manta da aika hotunan, su yi shekara guda ba su san ba su da abin da suka saya ba.

Yadda ake kafa adadin

Shekarun mota ba su ne abin damuwa sosai ba. FIVA, ƙungiyar masu motocin tarihi ta duniya, tana ɗaukar shekara 30 a matsayin mafi ƙarancin shekarun motar tarihi. Jamus ma shekara 30 take bi wajen ba motocin tarihi lamba mai harafin H, wadda ta fara a 1997. Birtaniya kuwa shekara 40 take jira kafin ta ɗauke harajin mota. Waɗannan ma'aunai na hukuma ne. Kowane kamfanin inshora yana da nasa, wasu ma sukan karɓi sabuwar motar da aka ƙera kaɗan daga cikinta.

Abin da ke ɗaukar lokaci shi ne hujja. Ana bukatar hotunan gefe huɗu da rana, da cikin mota, da mitar tafiya, da ƙarƙashin boneti, da cikin but an ɗaga kafet, da ƙasan motar tana kan abin ɗagawa, domin can ne tsatsa da tsohuwar walda suke ɓuya. Ana bukatar hoton lambar cesis da ta inji da ta giyabos, kowacce a inda aka buga ta a jikin ƙarfe. Wannan na da muhimmanci musamman ga motocin da aka ƙera kafin 1981, lokacin da lambar shaida mai harufa da alƙaluma 17 ta zama dole a Amurka. Kafin nan kowane kamfani da irin tsarinsa, kuma kuskuren alƙalami ɗaya a takardar inshora ya isa ya jawo jinkiri ranar neman diyya. Idan lambobin inji da giyabos sun yi daidai da waɗanda motar ta fito da su daga masana'anta, darajarta takan fi ta wadda aka canza wa inji nesa ba kusa ba. Ana tabbatar da haka ta takardar shaida daga masu riƙe da kundin kamfanin da ya ƙera ta: akwai sashen Ferrari Classiche, akwai ma'ajiyar tarihin motocin Birtaniya da ke Gaydon, Mercedes-Benz kuma yana da katin bayanan mota tun daga ranar haɗa ta.

Sai matakin lafiyar mota. A Jamus masu ƙiyasi suna ba da maki daga 1 zuwa 5: 1 ita ce wadda ba ta da aibi, 3 ita ce mai tafiya lafiya amma da alamun amfani, 5 ita ce wadda sai an sake ta gaba ɗaya. Hagerty na amfani da 1 zuwa 4. Tsakanin mataki da mataki kuɗi na iya bambanta ƙwarai, kuma masu mota sun fi yawan ɗaga tasu da mataki ɗaya, don ido ba ya ganin laifin abin da yake so. Mafi yawan motocin da ake hawa suna mataki na 3 ne. Idan adadin ya yi yawa, ko motar ba ta da takwara a kasuwa, a nemi mai ƙiyasi mai zaman kansa wanda ya san wannan samfurin, ya ga motar da idonsa, ya rubuta rahoto mai kwanan wata, ya kawo misalan waɗanda aka sayar da gaske. Farashin da ake nema a talla ba hujja ba ne. Abin da aka biya a gwanjo shi ne hujja.

Wani abin da ke ruɗa mutane shi ne bambancin kuɗin da aka kashe da kuɗin da mota za ta yi. Mutum ya sayi mota dala 15,000, ya kashe 70,000 wajen walda da fenti da kushin da inji, amma mafi kyawun irinta a kasuwa 50,000 take. Yawancin kamfanoni 50,000 za su yarda da shi. Wasu, musamman a Jamus, suna sayar da inshora a kan kuɗin sake gina mota, wanda ya fi tsada amma shi ne ya dace da wanda ya zuba dukiya a gyara. A tambaya tun farko, a kuma adana kowane rasit, har na ƙusa da roba.

Adadin kuma ba a kafa shi sau ɗaya a bar shi. Bayan rasuwar Enzo Ferrari, wanda ya kafa kamfanin Ferrari, a watan Agustan 1988 farashin tsofaffin Ferrari ya yi tashin gwauron zabi, sannan ya faɗi warwas a farkon shekarun 1990. Porsche 911 masu injin da iska ke sanyayawa, waɗanda aka daina ƙerawa a 1998, sun yi tsada sosai a shekarun 2010. Wanda ya bar tsohon adadinsa a irin wannan lokaci, diyyar da za a ba shi ba za ta saya masa irin motarsa ba. Wanda kuma ya bar adadi mai yawa bayan kasuwa ta sauka, kuɗin banza yake biya duk shekara. A sake dubawa a kowace sabuntawa, da kuma duk lokacin da aka gama babban aiki. Wasu takardu suna ƙara wani ƙaramin kaso da kansu a tsakiyar shekara, wasu kuma amincewarsu tana ƙarewa bayan shekara biyu ko uku, motar ta koma farashin kasuwa ba tare da an yi shela ba.

Sharuɗɗan da suka sa ta yi araha

Inshorar tsohuwar mota takan fi ta yau da kullum sauƙin kuɗi, ko da motar ta fi tsada. Dalilin shi ne musaya ce: kamfani ya yarda da adadinka, kai kuma ka yarda motar ba za ta riƙa shiga haɗarin da motar kullum ke shiga ba. Duk wanda ya karɓi rangwamen ya karya sharaɗin, shi ne zai ji a jikinsa ranar neman diyya.

Sharaɗi na farko nisan tafiya ne. Akan ba da zaɓi kamar mil 1,000, ko 3,000, ko 5,000 a shekara, wasu kamfanoni kuma ba sa sa iyaka amma suna ƙayyade irin tafiyar. A yi lissafi da gaskiya: taron masu motoci biyu masu nisa da fitar ƙarshen mako sun isa su cinye mil 1,000 kafin rabin shekara. Ƙarin kuɗin hawa mataki na gaba kaɗan ne idan aka gwada da rigimar da za a yi in mita ta nuna an wuce. Tsofaffin mitoci da yawa alƙaluma biyar gare su, suna komawa sifiri bayan 99,999, kuma wayar da ke juya su takan tsinke. In ta tsinke, a rubuta kwanan wata da adadin da ta tsaya a kai, a ajiye rasit ɗin gyara.

Na biyu wurin kwana. Takardu da yawa suna cewa motar ta kwana a rufaffen gareji mai makulli, wasu har da ƙayyade awannin dare idan tana kusa da gida. Rumfa mai buɗaɗɗen gefe ba gareji ba ce a wurinsu. Idan aka sace mota a ƙofar gida da tsakar dare saboda an cika garejin da kaya, kamfani na da hujjar ƙin biya. In an canza wurin ajiya, ko na wata uku ne, a sanar a rubuce.

Na uku irin amfanin da ake yi da ita. Yawanci ana so kowane mai lasisi a gidan ya kasance yana da wata motar hawa ta kullum. Zuwa aiki da ita akan hana ko a ƙayyade. Ba da ita haya don biki ko ɗaukar fim kasuwanci ne, yana bukatar ƙarin rufi na daban, ko da sau ɗaya ne. Shiga filin tsere, ko duk wata gasa da ake auna lokaci, kusan kowace takarda ta cire shi. Direbobi kuma sai waɗanda aka rubuta sunansu, kuma kamfanoni da dama ba sa karɓar wanda bai kai shekara 25 ba.

Sai canje-canje. Sa birki mai faifai a inda da ganga ce, canza kafireta, sa injin zamani, mayar da ita mai lantarki: duk a faɗa, ko da canjin ya ƙara wa motar aminci. A Birtaniya dokar 2012 kan bayanan da mai sayen inshora ke bayarwa ta bambanta sakaci da ganganci. In sakaci ne, kamfani na iya rage diyya daidai da kason kuɗin da ya kamata a ce an biya. Wanda ya biya 400 alhali da ya faɗi gaskiya 500 za a caje shi, kashi 80 cikin 100 na diyyar zai samu. In ganganci ne, a soke takardar gaba ɗaya. Kowace ƙasa da dokarta, amma babu inda ɓoye bayani ke amfanar mai mota.

Idan ba ta mutu ba, ta ji rauni ne kawai

Asarar gaba ɗaya ba ita ce ta fi yawa ba. Abin da aka fi gani shi ne bamba da ta lotse, gilashin gaba da dutse ya fasa, ƙofar da wata mota ta goga. A nan ne ake gane takarda mai kyau, kuma ƙimar yarjejeniya ba ta cewa komai a kai.

A tambaya wa ke zaɓar garejin gyara. Fanalbitan motocin zamani ya saba da cire fanel ya sa sabo. Tsohon bodi, musamman na alminiyam, sai wanda ya iya bugun ƙarfe da hannu, kuma awanninsa sun fi yawa sun fi tsada. Takardar da ta tilasta garejin kamfani, ko ta ƙayyade kuɗin awa a kan na gyaran yau da kullum, za ta bar ka da cikon kuɗi. A tambaya ko za a biya asalin kayan gyara, da kuma abin da za a yi in ba a samunsu sai an ƙera. A tambaya ko ana cire wani abu da sunan cewa sabon kaya ya fi wanda ya lalace; wasu na yin haka ga taya, batir, rufin yadi da fenti. Motar da ke ɗauke da fentinta na asali tana da wata matsala ta daban: ko an gyara ta tsaf, ta rasa abin da ba ya dawowa, darajarta ta ragu. Kaɗan ne daga cikin takardu ke biyan wannan ragin, sai an nema.

Sannan a san inda kamfani ke yanke cewa mota ta mutu. A wurare da yawa idan kuɗin gyara ya kai kusan kashi 70 zuwa 80 na darajarta, sai a biya diyya a ɗauke ragowar. Wannan ma wani dalili ne na kada a rage adadi don neman araha: motar da aka rubuta 20,000 alhali 40,000 take, gyaran 16,000 ya isa a ce ta mutu. Saboda haka haƙƙin riƙe ragowar mota yana da nauyi. Wasu takardu na ba mai ita damar saye kafin kowa, a cire kuɗin daga diyya. Wasu na bar masa ita kyauta idan ya biya ƙarin kuɗi tun farko. A Birtaniya tun Oktoban 2017 ana raba irin waɗannan motoci gida huɗu: A a murƙushe duka, B a cire kaya a murƙushe bodi, S da N ana iya gyarawa. Gidan da aka sa mota shi ke yanke ko za ta sake hawa titi, don haka kada a bari janwe ya kai ta filin tarkace kafin a yi wannan magana.

Giɓin da ake mantawa da su

Motar da ke hannun bakanike wata da watanni tana cikin haɗari na musamman. Inshorar garejin sau da yawa tana biya ne kawai idan laifin garejin ne, kuma iyakarta na iya kasa rufe dukan motocin da ke ciki in gobara ta tashi. Akwai inshorar mota mai zaman jiran gyara, wadda ke rufe gobara da sata ba tare da hawa titi ba. A riƙa ɗaga adadinta yayin da aiki ke ci gaba. Kayan gyaran da aka tara a kanta, kamar inji na biyu ko fitilun da ba a samu, galibi ƙaramin adadi ne aka ware musu, sai an lissafa su daban.

Jigila ma haka. Abin da mai tirela ko kamfanin jirgin ruwa zai biya yana da iyaka a doka, kuma bai kusanci darajar irin waɗannan motoci ba. Jirgin Felicity Ace da ya kama wuta kusa da tsibiran Azores a Fabrairun 2022 ya nutse ranar 1 ga Maris da motoci kusan 4,000. Kafin mota ta hau tirela ko kwantena a tabbatar an rufe ta daga ɗorawa har saukewa, kuma takardar tana aiki a ƙasar da za ta je.

Zaman gareji bai hana asara ba. Ranar 12 ga Fabrairun 2014 ƙasa ta rufta a gidan tarihin motocin Corvette da ke Bowling Green a jihar Kentucky, motoci takwas suka faɗa ramin, uku kawai aka gyara. A duba ko ambaliya, ruftawar ƙasa, faɗowar rufi da ɓarnar ɓera a wayoyi suna ciki. Tsatsa, tsufa da lalacewar inji kuwa galibi inshora ba ta biya. Gobarar tsohuwar mota takan faro ne daga busasshen tiyon fetur ko tsohon wayarin da ba shi da isassun fis, kuma fetur mai kashi 10 na sinadarin itanol, irin wanda Birtaniya ta mayar na gama-gari a Satumban 2021, yana cin tsohuwar roba. Canza tiyo zuwa mai jure itanol, sa makunnin yanke batir da ajiye abin kashe gobara a inda hannu zai kai suna rage haɗarin, wasu kamfanoni ma na rage kuɗi saboda su.

Ɓangaren diyyar wasu, wato wanda aka buge ko aka ɓata wa dukiya, kada ya gaza na motarka ta kullum. Tsohuwar mota ba ta tsayawa da sauri kamar ta zamani, kuma kotu ba ta rage diyya don motar da ta yi ɓarnar ta tarihi ce. Fayil ɗin hotuna, rasit, rahoton ƙiyasi da takardar amincewa kuma a ajiye kwafinsa a wani wuri da ba garejin ba, a sa wani a intanet, a ƙara sababbin hotuna masu kwanan wata a kowace sabuntawa.